Ƙidayar Maɗaba'ar Baba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan nan naki? Allah ya sa kin daina ɗaga kaya da kanki kamar ba ki haifa ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Na san za ki yi dariya, ki ce Auta ta sami aikin zamani amma ta koma rubuta wasiƙa. Kin dai san bangon da ke tsakanin ɗakina da na Baba. Ko tari na yi a waya, da safe sai ya tambaye ni wa nake yi wa. Ga kuma 'yan guntayen takardun maɗaba'arsa da suka rage a kwali a ƙarƙashin gadona, ya hana a zubar, gara in ci moriyarsu.

Kin ce ba ki gane aikin nawa ba. Ofishin ƙididdiga ne ya ɗauke mu, muna zaga kamfanoni da shaguna muna auna yadda suke amfani da kwamfuta da intanet. Muna tambaya ko suna aiki da kwamfuta, ko suna da intanet, ko suna da shafi nasu, ko suna karɓar oda ta can. Amsar eh ce ko a'a, sai mu danna a wata 'yar na'ura da muke ce wa allo. A ƙarshe a tattara a ce cikin kowane ɗari, kaza ne suka ce eh. Wannan adadin shi ne ma'auni, shi shugabarmu ke ambato safe da yamma kamar sunan autanta. Ana shan kallo kuwa. Wani mai sayar da taya ya rantse mini yana da intanet, da na bincika ashe matarsa yake nufi, wai ita ba ta sauka daga kai.

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Ba kowane shago muke shiga ba, ofis ne ke zaɓo sunaye daga tsohuwar rajistar 'yan kasuwa, kuma maɗaba'ar Baba ta fito a ciki. Da na gaya masa, wallahi Yaya, rabon da in ga wannan fara'ar a fuskarsa tun kafin rasuwar Inna. Ya sa na maimaita, ya ce ashe har yanzu hukuma ta san da shi. Washegari ya sa ma'aikacinsa Malam Mai Inji ya goge Tsohuwa, injin nan da kika ce ƙararsa ce ta raine mu, har tana ƙyalli.

Ba ni zan yi masa tambayoyin ba, doka ta hana mutum ya ƙidaya nasa. Abokin aikina ne zai zo, wanda muke kira Tabarau. Amma Baba ya matsa sai na faɗa masa abin da za a tambaya, ni kuma da bakin nan nawa da kika sani, na ce ai shi aikinsa mai sauƙi ne, a'a zai yi ta cewa daga sama har ƙasa. Wasa nake yi. Bai yi dariya ba, ya ajiye cokali ya ce ya ƙoshi.

Maganar da kika sake tayarwa ta ya rufe shago ya dawo wurinki, don Allah ki ɗan saurara. Na san mai ginin yana so ya ba wani mai sayar da wayoyi wurin, na kuma san aiki ya ja baya, sai katin gayyata jefi-jefi. Amma ni nake ganinsa kullum. Shagon nan ne kaɗai ke tashinsa da safe. Ranar da ya daina zuwa, ban san abin da zai rage na Baba ba.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Saƙonki ya iso, na gode da maganin ƙafar Baba, yana shafawa idan na tsaya a kansa.

Yaya, Baba ya sayi kwamfuta.

Na dawo daga aiki na biya ta shago, na tarar babu injin yankan takarda a kusurwarsa, sai shacin ƙafafunsa a siminti. Ya sayar da shi. A kan teburin da yake jera haruffan dalma kuwa ga kwamfuta, ta hannu ce amma mai kyau, an shimfiɗa mata sabon ƙyalle. Malam Mai Inji yana zaune nesa da ita yana harararta. Yanzu duk abin da suka buga sai sun kai maƙwabta a yanka musu.

Baba ya ce ba zai yarda a rubuta shi cikin masu a'a ba, a kan titin da shi ya fara kafa inji. Ya kuma gaya wa mai ginin ya dakata, zai ba shi amsa bayan an zo ƙidaya. Wai idan hukuma ta lissafa shi cikin masu tafiya da zamani, to da sauransa, zai sabunta haya. Kin ga inda ya rataya rayuwarsa.

Kullum da yamma ni ke koya masa. Abin tausayi, abin dariya. Yatsun nan da ke tsinto harafi daga akwati ba tare da ya duba ba, su ne ke lalube a kan madannai. Yana danna harafi ɗaya da ƙarfi kamar zai huda teburin, sai ya fito guda goma a jere, ya yi tsaki ya ce wannan abu ba shi da ladabi. Ya yi faɗa wai wanda ya jera haruffan bai taɓa aikin ɗab'i ba. Amma ya nace. Shekaranjiya ya rubuta sunan Inna da kansa, ya ƙara masa girma har ya cika fuskar kwamfutar, ya zauna yana kallo. Na fita waje na yi kamar ina amsa waya.

Akwai abin da ban faɗa miki ba a wasiƙar farko, shi ma ban faɗa masa ba, kuma shi ke hana ni sukuni. Kafin duk tambayoyin nan akwai wata ta farko: ma'aikata nawa ne a wurin. Ma'aunin namu na wuraren da ke da mutum goma ne zuwa sama. A rajista an rubuta Baba yana da goma sha biyu, don tun zamanin da muke kai musu abincin rana aka rubuta. Yau daga shi sai Malam Mai Inji. Da zarar Tabarau ya danna biyu, allon zai rufe tambayoyin da kansa, ba za a ma kai ga maganar kwamfuta ba. Ba eh, ba a'a, Baba ba ya cikin lissafin gaba ɗaya.

Tun ranar farko na sani. Na ga murnarsa ne na kasa, na ce gobe, goben ta zama jibi, har ya sayar da inji. Yanzu da wane baki zan faɗa? Kullum sai ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure ya tafi shago, ko yau ne za a zo. Rigar duk ta sha tawada a hannu.

Na roƙi Tabarau wata alfarma. Ƙarya ba zai danna ba, ni ma ban nema ba, aikinmu amana ne. Na ce dai idan allon ya rufe, ya daure ya ci gaba da tambayoyin da ka, yana taɓa allon kamar yana cikewa. Ya yarda, ya ce shi ma yana da uba. Ban sani ba ko daidai na yi. Ki taya ni da addu'a, kuma don Allah kada ki kira Baba da wannan maganar.

Taki har kullum,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuna ne ya yi nauyi.

An zo. Ina wurin, na laɓe bayan Tsohuwa kamar mai neman wani abu. Baba ya tarbi Tabarau kamar babban baƙo, ya ba shi kujerarsa, ya aika aka kawo shayi, shi kuma ya zauna a ɗaya gefen teburin suna fuskantar juna. Tabarau ya kwantar da allon a kan tebur ya yi tambayar farko. Baba ya ce su biyu ne, amma da su goma sha biyu ne, ya fara lissafo su da inda kowa ya koma. Tabarau ya danna, sannan ya ci gaba yadda muka shirya.

Da aka zo kan kwamfuta Baba ya ce eh da ƙarfi, ya tashi ya yaye ƙyallen, ya kunna ta da kansa. Intanet ya ce tukuna, amma yana hanya. Ya amsa komai har ƙarshe, a nutse, ya raka baƙonsa bakin titi ya sa masa albarka. Na koma gida ina cewa Allah ya rufa asiri.

Da yamma na ɗauko kujera don darasi, ya ce in bari. Ya tambaye ni shekara nawa na yi ina ganinsa yana aiki. Sannan ya tuna mini abin da ni da ke muka sani tun muna yara, na kuma manta shi sarai: mai jera haruffa a juye yake karatu. Duk rayuwarsa rubutu kansa a ƙasa yake karantawa, ya fi masa sauƙi ma. Allon yana kwance a gabansa, ya karanta abin da ya fito tun kafin Tabarau ya gama karantawa, cewa wannan wuri bai kai adadin ma'aikata ba, a tsaya nan, a gode wa mai amsa.

Na ce to me ya sa ya ci gaba da amsawa. Ya ce yaron kirki ya zo yana ƙoƙarin rufa masa asiri, 'yarsa kuma tana bayan inji tana leƙe, ina amfanin ya kunyata mu. Bai yi mini faɗa ba, Yaya. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Na yi kuka har na ba shi tausayi, ya koma shi ke ba ni haƙuri.

Washegari bai sa babbar riga ba. Ya je wurin mai ginin da ƙafarsa.

Ki gaida yara.

Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki, Allah ya saka masa da alheri kan ɗakin da ya gyara wa Baba. Yaya jikin naki? Mu nan da sauƙi, Baba yana cin abinci kaɗan-kaɗan.

An kwashe shago. Masu sayen tsohon ƙarfe ne suka ɗauki Tsohuwa, sai da suka kwance ta gunduwa-gunduwa kafin ta fita ta ƙofa. Malam Mai Inji bai tsaya ba, ya ce yana da uzuri, na hango shi a ƙarshen titi ya juya baya. Kafin a kwance ta Baba ya buga aikinsa na ƙarshe, sanarwar rufewa da godiya ga abokan ciniki, ya jera ta da hannu, babu kuskure ko ɗaya. Har mai wayoyin ya fara fenti, ya bar takardar a jikin ƙofa, ya ce ta yi masa kyau.

A ofis kuma rahoto ya fito. Ma'auni ya hau sosai a kan na ƙidayar baya, shugabarmu har da raba lemo. Ba ƙarya a ciki, na san yadda muka sha rana muka tattaro shi, kuma da gaske mutane da yawa sun shiga intanet. Amma ni na riƙe jerin unguwarmu. Na san tsofaffin wurare nawa na tarar sun rufe ko sun ƙanƙance, masu ɗinki, masu hoto, masu gyaran rediyo. A ƙidayar baya suna ciki suna cewa a'a. Bana ba su ce eh ba, fita suka yi daga lissafin, adadin ya ƙara haske. Na riƙe lemona har sanyinsa ya tafi ban buɗe ba.

Da na dawo Baba yana zaune a tsakar gida, inda yake wuni yanzu, hannayensa a kan gwiwa. Sun yi fari tas, Yaya, tawadar ta fita, ban taɓa ganin farcensa haka ba. Ya tambaye ni yadda ƙidayar ta kaya. Na so in ce ban sani ba, amma na gaji da ɓoye masa abu. Na gaya masa adadin ya hau, na kuma gaya masa dalilin duka, har da na fitar irin shagonsa daga lissafi. Ya daɗe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce alhamdu lillahi, ashe dai ya taimaka wa ƙidayar tawa, tunda ya matsa ya ba da wuri.

Kwamfutar ya ce in riƙe, ni ce mai aiki da ita. Tana kan akwatina da ƙyallenta, ban iya kunna ta ba tukuna, don na san sunan da zan tarar a ciki.

Za mu taso ranar Asabar in Allah ya yarda, zan rako shi in kwana biyu. Kayansa ba yawa, sai wani ƙaramin akwatin haruffa da ya hana masu ƙarfe, kada ki ce za ki ajiye masa shi a sito. Yana tashi da wuri, ki samo masa abin da zai riƙa yi da safe, ko me ne ne, ko da kai yara makaranta ne. Kada kuma ki yi masa murnar ya huta.

Za ki ga takardar nan ta fi sauran gajarta, har na matse rubutu. Ita ce ta ƙarshe a kwalin, kuma babu inda wasu za su fito. Daga yau sai dai in kira ki a waya, tunda ba mai ji na ta bango.

Ki gaishe da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta