Banish ɗin da Ka Shafa a Jirgin Baba

Betina, 2 ga Agusta

Zuwa ga ƙanena Roko,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Zdenka da yara, Allah ya ƙara muku lafiya a wannan Hamburg taku mai ruwan sama. Mu nan ƙalau. Goggo Jerka ta warke har ta koma faɗa da maƙwabta, zaitun kuma ya yi 'ya'ya bana. Baba ne dai hannunsa ke ƙara rawa, yanzu sai na yanka masa burodi.

To Roko, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wa ya aike ka? Kwana huɗu kacal ka yi mana, ka lallaɓa ɗakin jirgin ruwan Baba da gwangwanin banish ɗinka na Jamus, fentin nan mai sa katako ƙyalli, ka shafe katakon, wai za ka ba shi mamaki. Ai kuwa ya sha mamaki! Katakon nan na itacen tik shekara talatin Baba yana shafa masa mai da tsumma, ya sha ya ƙoshi. Ɗan gidan masu sassaƙa jirgi ne zai ɗora banish a kan mai? Mako uku ke nan bai bushe ba, yana danƙo kamar zuma, ƙudaje sun mutu a ciki.

Ranar Lahadi Tonko, wanda tun suna samari yake kishin aikin Baba, ya shiga jirgin ya zauna a bencin da ka shafa, da ƙyar ya tashi, rabin zaren wandonsa na can har yau. Ya fito bakin gaɓa yana shela, wai a zo a ga aikin gwanin gwanaye, wai tsufa ya tashi daga hannu ya shiga kai. Mutane suka yi ta dariya. Na buɗe baki zan faɗi sunanka, Baba ya damƙe mini hannu. Ya ce musu shi ya shafa, mantuwa ce. Mutumin da rabin jiragen tashar nan daga hannunsa suka fito!

Yanzu ni ce a durƙushe kullum. In kankare banish ɗin, in wanke katakon da tina mai cire maiƙo, in canza tsumma, in sake wankewa, don sai tsumman ya fito fari tas kafin a taɓa samfefa. Washegari rana ta buga, man ya sake tsattsafowa. Yatsuna duk sun tsage. Baba yana zaune a bakin ƙofa yana cewa in bi layin katako, in gwada a lungu tukuna, ba ya ko ɗaga ido. Tun ranar bai sake zuwa shan kofi da abokansa ba.

Saura kwana goma sha uku idin Maryamu, jirage za su fita jere. Kada ka aiko da wani gwangwani, kada ka bugo waya kana ba ni haƙuri. Ka zo da kanka, ka karɓi tsumman nan, sannan ka tsaya a bakin gaɓa gaban Tonko ka faɗi wanda ya shafa. Jiya na ji Baba yana gaya wa Goggo wai aikin naka ba laifi, burushinka bai bar layi ko ɗaya ba.

Ka gaishe mini da Zdenka, da Vinka da ƙaramin Bepo. Goggo Jerka na gaishe ku, ta ce kunnenka na jiran ta, sai ta murɗe shi.

Yayarka da ke fushi da kai,
Nevenka