Jirgin da Bai Taɓa Sayar da Kifi a Kan Ruwa Ba

Cikin alhini da miƙa wuya ga nufin Ubangiji, Ƙungiyar Masunta Kirista ta gaɓar Kauzi, a gundumar Nkhata Bay, ta samu labarin rasuwar ubanta kuma tsohon shugabanta, Dattijon Ikilisiya Baba Yotamu Thole, wanda ya koma gida ranar Talata a hannun iyalinsa bayan gajeriyar jinya.

Marigayi Baba Thole ya shafe rayuwarsa yana kamun ƙananan kifin nan da ake kira usipa a tafkinmu, kuma da wuya a samu masunci a Kauzi da bai koyi ɗinkin koma a ƙarƙashin mangwaronsa ba. Ya riƙe ƙungiyarmu da haƙuri, ya sulhunta masu rigima, ya yi wa'azi duk Lahadin da Rabaran Mesheck Mphande ya tafi wata ikilisiya, ko da yake a ƙungiyar mawaƙan coci ba a taɓa yarda a sa shi gaba ba, shi kuma bai daina roƙo ba.

Sai dai abin da za a fi tunawa da shi al'adar igiya ce. Tun zamanin kakanninmu, idan jirgi ya dawo da safe, duk gwauruwar da ta ɗora hannu a igiya aka ja shi kan yashi tana da rabonta na kifi a kwano, ba tare da ta buɗe baki ta roƙa ba. Da 'yan kasuwar birnin Mzuzu suka fara zuwa da jiragensu masu inji suna tarar masunta a tsakiyar ruwa suna sayen kifin da tsada, sai jirage suka riƙa isowa wayam. Jirgin Baba Thole kaɗai ya ci gaba da zuwa da kayansa har yashi. An yi masa laƙabi da Baba Asara, yana amsawa da fara'a. Abokinsa Baba Zakeyu Manda ya taɓa tsokanarsa a taro cewa injin jirginsa ya fi shi tari, sai ya ce, “Zakeyu, kai ka kai kifinka kasuwar Mzuzu, ni na aika nawa inda ba ya ruɓewa. Idan mun je can, kada ka zo mini aro.”

Ba za mu ɓoye cewa iyalinsa sun ɗanɗana wannan zaɓi ba. Rufin gidansa na yoyo har yau, kuma babban ɗansa, Wezi, ya sha gaya masa gaskiyar da ke ransa. Ba mu da tabbacin cewa mu da muke yabonsa yanzu za mu iya abin da ya iya. Shi ya sa tun da labarin ya iso, tambaya ɗaya ke yawo a gaɓa, ko da ba a furta ta ba: jirgin da Wezi ya gada, a ina zai tsaya?

Jiya gwaurayen Kauzi suka shiga gidan makoki a jere, kowacce ɗauke da kwanon da ta saba karɓar kifi a ciki, cike da garin masara. Tsohuwar cikinsu, Mama Nyakaunda, ta ajiye kwanonta a gaban uwargidan marigayi, Mama Nyalongwe, ta ce, “Ƙanwata, kin shigo cikinmu. Igiyar ba ta da nauyi, za mu koya miki.” Wezi na tsaye a bakin ƙofa. Da yamma ya zo wurin shugabanninmu, ya nemi a sanar a cikin wannan saƙo cewa jirgin mahaifinsa zai ci gaba da isowa yashi da kayansa, kuma ba ya so a yi masa godiya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mama Nyalongwe, da Wezi da ƙannensa, da Rabaran Mphande da ikilisiya baki ɗaya, muna addu'ar Yesu Almasihu ya ba su ƙarfin jure wannan rashi. Babu jirgin da zai fita sai bayan jana'iza ranar Juma'a. Safiyar Asabar kuwa, muna roƙon kowace uwa ta zo gaɓa da kwanonta.

Sa hannu:
Gilbert Mwase
Sakatare kuma mai magana da yawun Ƙungiyar Masunta Kirista ta Kauzi