Lemun Baba Da Aka Rasa Mai Sa Masa Hannu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Malaman Gona na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Habu, mai bishiyar lemu goma sha ɗaya. Raina a ɓace nake rubuto wannan takarda.

Na farko. Da aka raba gonar marigayi mahaifinmu, tsohon lemunsa ya faɗo daidai kan iyaka, sai aka bar shi na mu tara gaba ɗaya. Bara ganyensa ya yi rawaya, 'ya'yansa suka karkace, ga ɗaci. Malamin gonarku ya ce cuta ce marar magani, wani ƙwaro da bai kai ƙwayar gero ba ke ɗaukar ta daga bishiya zuwa bishiya. Ya ce a tumɓuke shi kafin ya shafa wa nawa.

Na biyu. Yayanmu Sale ya rantse ba mai taɓa icen Baba sai da takardar hukuma. Na zo ofishinku, aka ba ni fom, aka ce mai bishiya ya sa hannu. Na ce shekararsa shida a kabari. Aka ce to magada duka su sa. Ƙanwarmu Hajara ta aiko daga Bagwai cewa ita inuwar ce rabonta, kada a taɓa. Autanmu kuwa yana fatauci a kudu, ba mu ma san garin ba.

Na uku. Liman ya yi mana lissafin gado reshe-reshe, namiji biyu mace ɗaya. Na sare rabona. Wurin ya yi sabon toho, ashe shi ne abin da ƙwaron ya fi so. Da gatarina na girka masa abinci a bakin gonata.

Ranka ya daɗe, ina roƙon ka aiko da izinin sara. In ba zai yiwu ba, ka rubuta wa ƙwarin su dakata har autanmu ya dawo, tunda ni na yi musu magana ba su ji ba.

Jiya da safe na ga rawayan ganye a lemun da na dasa ranar sunan 'yata ta fari. Na daɗe a tsaye a gindinsa. A haɗo da fom na biyu. Mai wannan yana da rai, zai sa hannu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka da gadon bishiya. Wassalam.

Habu Mai Lemu