Kakata da Littafina Sun Saɓa a kan Tana

Anti Hemlata, ki taimake ni, na kasa zama wuri ɗaya. Jarrabawar shiga makarantar likitanci ta ƙarato, ni kuwa babi ɗaya ya tsaya min a wuya, na matakan ginin jikin dabbobi. Na san shi fa. Soson teku ƙwayoyin halitta ne zube, wasu dabbobin ƙwayoyinsu sun haɗu suna aiki ɗaya, wasu sun kai ga gaɓoɓi, wasu gaɓoɓinsu na aiki tare. Amma mu mabiya addinin Jain ne, wanda ya hana cutar da duk mai rai, tun ina goye kakata Dadi ta koya min nata jerin na halittu bisa yawan hanyoyin jinsu: na tana biyu ne, na tururuwa uku, na ƙuda huɗu. A gwajin da ya wuce aka tambayi matakin tana, hannuna ya zaɓi na biyu, alhali na huɗu ne. Na dawo gida, Dadi ta kawo min shayi tana tambaya ko nata karatun ya fito. Na ce mata tatsuniyoyinta ne za su kayar da ni. Tun ranar sai dai ta ajiye kofin a bakin ƙofa ta juya. In buɗe littafi, in rufe, in leƙa ɗakinta, in dawo. Karatun ba ya shiga. Ko in koma gidan kawuna har a gama?

Mai Zulumi, daga Udaipur

Ɗiyata, kada ki je ko'ina. Kuskurenki na gajiya ne, kuma kina da gaskiya ki ji tsoro. Sai dai jerin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Littafinki yana tambayar yadda aka gina jiki, Dadi kuma tana koya miki abin da ke jin zafi in an taka shi. Daina haddace su da lamba. Zana kowace dabba, ki rubuta abin da ke cikin jikinta, ki yi ta bitar tambayoyin shekarun baya kullum da safe.

Dadi kuwa, kin ɓata mata rai ƙwarai. Yau, kafin ku ci abincin yamma, ki je ki taɓa ƙafarta ki nemi afuwa ba tare da kawo hujja ba. Sannan ki miƙa mata zanenki ta riƙa yi miki tambayoyi. Tsohuwa ba ta son ta ji ta zama cikas a gidanta. Ina miki fatan nasara, ki kuma gaishe min da ita.