Kanwar da Kika Bari a Gwangwani

Zuwa ga Saude, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa, na san wasiƙar nan ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma sai an karanta miki, ni kuwa mai rubutun tun a CM2, ajin ƙarshe na firamare, makarantar lakwal ta gaji da ni ta sallame ni. Haka za mu lallaɓa.

Gida lafiya. Gero ya yi, wake ne ya ɗan ba mu kunya. Wata bakwai ke nan da tafiyarki ni nake girki, kuma har yau ba a kai kowa asibiti ba. Kajinki dai sun yi ƙiba da tuwon da yara ke zubarwa a ɓoye.

Kin tuna yadda kike gasa kanwa a fasasshen kasko kafin ki jefa a wake? Shekara ashirin ina miki dariya, ina cewa ɓarnar itace ce, wa ya taɓa gasa dutse? Ke kuwa ki ce gasasshiya ta fi kaifi, 'yar kaɗan ta isa.

To 'yarmu Nafisa ta zo hutu daga lise, sakandarensu ta Magaria, da labari. Malaminsu na shimi, wato kimiyyar sinadarai, ya ce kowa ya kawo kanwa daga gida, ita kuwa ta ɗebi wadda kika bari a gwangwani. Suka auna ta, suka zuba a siririyar kwalba, suka ɗora a wuta. Ruwa ya tsattsafo a bakin kwalbar, wata iska ta fita wadda ta mai da ruwan farar ƙasa kamar nono. Da suka sake aunawa ta rage nauyi, amma abin da ya saura ya fi ƙarfi. Abin har da sunansa na Faransanci, sau uku ta faɗa mini harshena ya ƙi. Ashe ke ce da gaskiya. Ni mai takarda ban taɓa ce miki haka ba, ko sau ɗaya. Ki yafe mini, Saude.

Yanzu ga rigimar. Yaya Idi ya tara dangi, wai tunda babu mace a gida, Nafisa ta bar karatu ta dawo ta riƙe ƙannenta. Wai abin kunya ne a ga ƙaninsa da muciya, mutanen Yekuwa na nuna ni da baki a hanyar rijiya. Su nuna mana! Bakinsu ne zai zauna mata jarrabawar bak ta gama sakandare? Saura shekara ɗaya ta gama, sai in janye ta don tuwona mai gudaji? Yarinyar da ta tsaya gaban aji ta ce uwarta ta san wannan darasi ba tare da ta taka lakwal ba? Ban taɓa yi wa Yaya musu ba tun muna kiwo, kin sani, har gori kike mini. Ranar dai na yi. Ya daina amsa gaisuwata, ni kuwa kullum sai na gaishe shi sau biyu.

Jibi Litinin zan ɗora Nafisa a babur da kaina ta koma lise, a bi ta ƙofar gidansa da ita, ya gani da idonsa.

Allah ya haskaka makwancinki. Sai na zo.

Mijinki har gobe,
Lawali