Tukunyar Daddawarki da Muka Wanke

Inna, gaisuwa mai yawa daga Cadakori.

Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da ranki ma sai an karanta miki. Amma in ban faɗa ba cikina zai fashe.

Kin tuna baƙon nan mai tabarau da ya kankari cikin tukunyar daddawar batsonki ya zuba a kwalba? Wanda ya ce aikinsa binciken ruɓaɓɓen kifin mutanen bakin teku, kika yi ta yi masa dariya? To, bayan arba'in ɗinki ya aiko takarda. Wai ya ga wata ƙwayar halitta a ciki, wadda ido ba ya gani, kuma babu ita a littattafansu. Ita ke sa daddawarki ta fi ta kowa. Wadda ya ɗiba ta mutu masa a kwalba, don haka zai dawo ya ɗibi mai rai. In ta tabbata sabuwa ce, sunanki zai sa mata.

Sai ga ɗanki, Yaya Sani. Tun da aka buɗe jam'iyyu ya samu kujera a buro, ofishin gwamnati na Gidan Rumji, ya koma magana ta hanci kamar Bature. Mutumin da daddawa ta kai shi lakol ya yi boko, yau shi ke toshe hanci a ƙofar ɗakinki! Ya ce ba za a kunyata shi gaban manyan baƙi da ƙazanta ba. Ya sayo sabulu da ruwan zabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ya naɗe hannun babbar riga, ya dirje tukunyar da kika hana ko ruwan zafi ya taɓa tun kafin a haife mu. Har ya shafa mata farar ƙasa. Wannan shi ne mai ilimin gidanmu, Inna.

Baƙon ya zo, ya leƙa, ya shinshina, ya zauna a kan turmi. Na dafa gurguzu don in yi masa sabuwar daddawa, na daka, na rufe a tukunyar yadda kike yi, har sau uku. Ya duba duka bai samu komai ba. Yaya Sani kuwa yana gefe yana ba shi labarin zaɓe.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni na zuba wa Yaya Sani ruwan da ya wanke tukunyar. Kin sha gaya mini ran daddawa a jikin tukunya yake, na ɗauka camfin tsofaffi ne. Ni ma ai na ji kunyar warinki, ranar da kika zo lakol na ce wa ƙawayena maƙwabciya ce. Da me na fi shi?

Jiya na sa kaina cikin tukunyar ina neman ki. Warin asibiti kawai na ji.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ki yafe mini in za ki iya.

'Yarki Rabi, wadda ta riƙe buta.