Lodin Baba

Zuwa ga Yaya Sani a Ikko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Asabe da yara, yaya zaman baƙunta? Mu nan Malumfashi lafiya lau.

Tsohuwar motar da Baba ya saya ta kusa zuba mu a rami a hanyar Funtuwa. Ko yaya direba ya riƙe sitiyari, hagu take ja. Baba ya ce halin jaki ne, gidan tsohon ubangidanta na Gozaki take nema, har ya sa aka yi mata hayaƙi.

Da ƙyar muka kai ta wurin Sande bakanike. Ya duba tayoyi, ya shiga ƙarƙashi, bai ga komai ba. Da ya leƙa baya sai ya ce, "Alhaji, wa ya yi lodin nan?"

Baba ya ce, "Ni ne, kuma daidai na raba kamar mangalar jaki. Buhunan dawa a hagu, na auduga a dama, babu ɓangaren da ya fi yawa."

Aka gauraya kayan, mota ta miƙe. Baba ya ce sai yanzu hayaƙin ya kama ta.

Ka gaida Kawu. A sa mu a addu'a, gobe ma Baba ne zai yi lodi.

Ƙaninka,
Garba